Kafin Ku Sayi Fili A Bakin Dam

'Yan'uwa manoma na ƙasar Gwarzo da Kabo, mu dai ba mutanen bakin teku ba ne. Amma tun da aka datse Kogin Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin 1992, ga kuma ƙananan madatsu irin su Guzuguzu da Magaga, ruwa ya zo mana har ƙofar gida. Masunta sun kafa zango, ana bandar kifi, ana noman rani. Shi ya sa waɗansu ƙungiyoyinmu na gama kai suke shawarar sayen fili a bakin ruwa.

To, bakin dam ba ya zama wuri ɗaya. Cikin watan Afrilu ruwa yakan ja da baya, ya bar baƙar ƙasa mai laushi wadda kowane manomi zai yi sha'awarta. Mai sayarwa kuwa a lokacin yake son kai ku. Ku koma cikin Satumba ku gani. Wata gonar tana ƙarƙashin ruwa, tudun da kuka taka da ƙafa kuma ya zama tsibiri, sai da kwalekwale. Mu a ganinmu, kada ma'aji ya fitar da ko kwabo sai an ga filin da rani, an kuma gan shi da damina. Ku tambayi masunta iyakar inda ruwa yake kaiwa a shekarar da dam ya cika maƙil. Sun fi dillali sani.

Haka ya faru da babban ruwa. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai na Gungawa a ƙasar Yawuri, mutanen da suka shahara da noman albasa. Fiye da mutum 40,000 aka tayar, aka sake musu mazauni a kan tudu.

Sai maganar mai fili. Bisa dokar ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin riƙo. Dam ɗin Challawa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Filin da gwamnati ta riga ta karɓa saboda dam, ba mai ikon sayar muku da shi, ko da kakansa ne ya sare dajin. Idan kuwa gado ne, a tara magada duka, da mai unguwa, da dagaci, da shaidu, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Mai niyyar tarewa da iyali ya gina ɗakinsa a tudu, nesa da sauro, ya kuma haƙa rijiya. Yaran da suke wanka a ruwan kwance su ne tsargiya take kamawa, wato fitsarin jini. Gangaren kuwa, ƙungiya ta karɓe shi haya na rani ɗaya tukuna, ta gwada tumatir da albasa.