Jita Mai Kogo: Duba Wuyanta Kafin Ka Duba Sunanta

A wata ranar Asabar wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake sayar da kayan wayar hannu a Kasuwar Kilomita Biyar, ya tare ni a bakin shagonsa. Bayan mun gaisa sai ya nuna mini hoton wata jar jita mai ramuka biyu a fuskarta, ya ce, "Malam, shekara biyu ke nan ina adashi saboda ita. An ce mini ta Amurka ce, kuma in ban biya gobe ba wani zai ɗauka." Na ce masa, "Ka taɓa riƙe ta da hannunka?" Ya ce a'a.

Wannan amsa tasa ita ta sa na ga ya kamata in yi wannan bayani. Kowa ya san irin halin da unguwarmu ta shiga tun daga rikicin watan Disamba na 2013, kuma kowa ya san yadda saurayi ke shan wahala kafin ya tara ko da sefa 100,000. Kuɗin da aka tara da gumi bai kamata a zubar da su saboda jan fenti ba.

Da farko dai, mece ce jita mai kogo? Mai karatu ya tuna da gurmi ko garaya, ko kuwa kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos. Dukkansu tsirkiya ce a kan abu mai rami a ciki, ramin ne kuma ke ba sauti kauri. To, haka jita mai kogo take, sai dai an ƙara mata maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗan Bangi ke kira mikuro, shi ke ɗaukar sauti ya kai wa amfili. Kamfanin Gibson na Amurka ya fito da irinta mai suna ES-150 a 1936. Sautinta yana da taushi da zaƙi, ya dace ƙwarai da rumbar Kwango da ta daɗe da tsallako mana kogin Ubangi, irin kiɗan su Franco da Dokta Nico, wanda ƙungiyoyin Bangi kamar Centrafrican Jazz da Tropical Fiesta suka tashi a kansa.

Amma fa kogon nan yana da nasa aibu. Idan aka ƙara ƙarfin amfili, sautin da ke fita daga lasifika yakan dawo ya girgiza jikin jitar, mikuro ya sake ɗauka ya mayar, har abin ya zama wani ƙugi mai tsaga kunne. Saboda maganin wannan ne Gibson suka fito da ES-335 a 1958, suka sa gungumen katako a tsakiyar cikinta, suka bar kogo a gefe da gefe kawai. Shahararren makaɗin nan B.B. King ma sai da ya sa aka ƙera masa tasa babu ramukan fuska gaba ɗaya.

Ke nan tambayar farko ita ce: a ina za ka yi kiɗan? In a ɗaki ne ko ƙaramin taro, mai cikakken kogo ta wadatar. In kuwa wurin biki ne, inda akwai ganguna da manyan lasifikoki, to nemi mai gungume a tsakiya. Gane ta ba wuya: leƙa ta ramin fuska da tocilan, za ka ga katakon.

Sai batun suna. Gibson ta ainihi kuɗinta ya kai na babur sabo, har ya wuce. Duk wanda ya kawo maka jita mai wannan suna da araha, ka tuna Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Akwai dai masu sauƙin kuɗi da ba su ɓoye asalinsu ba. Epiphone, wanda Gibson suka saya tun 1957, yana yin irin ES-335 da kuma Casino, wadda ke da cikakken kogo. Ibanez na Japan yana da jerin Artcore, Gretsch kuma yana da Streamliner. Yawancinsu a Sin ko Indunusiya ake ƙera su, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. Haka nan kada ka raina jita don an ce da falle-fallen katako aka haɗa jikinta. ES-335 ɗin ma haka take, kuma irin wannan jiki ya fi jure wa laimar daminarmu da bushewar watan Janairu fiye da katako guda da aka sassaƙa.

A yi lissafi kuma tun kafin a ba ɗan'uwa saƙo. Yuro ɗaya sefa 656 ne. Jitar yuro 300 a Faransa ta kusa sefa 197,000 ke nan, ba a sa kuɗin dako daga Duwala ta hanyar Garuwa-Bulai ba, ba a sa na duwan ba. Saboda haka sau da yawa ta gwanjo mai lafiya, wadda ka gani da idonka, ta fi sabuwar da ka gani a hoto.

To, me za a duba? Abu na farko wuya. Ɗora gindin jitar a ƙasa, ka sa ido daga kai ka hango tsawon wuyan kamar mai auna bindiga. In ya murɗe gefe ɗaya, ajiye ta, kome kyanta. In ɗan lanƙwasa ne kawai, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da mabuɗi a miƙe shi, sai ka sa mai jitar ya nuna maka tana juyawa. Na biyu, dubi inda wuya ya haɗu da jiki, da kuma bayan kai. Tsaga a waɗannan wurare alama ce ta faɗuwa ko ta gam da ya saki. Na uku, auna tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 na kan wuya. Milimita 2 ko kusa da haka ya yi. In ya kai 4 ko 5, yatsun mai koyo za su yi ƙanta kafin ya iya waƙa ɗaya. Na huɗu, danna kowace tsirkiya a kowane ƙarfe, ka saurara ko akwai inda take zuza ko sautin ya mutu.

Na biyar, jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuska. A yawancin masu cikakken kogo ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne ke riƙe shi. In ka cire tsirkiyoyi duka a lokaci ɗaya zai faɗi, in kuma ya goce daga mazauninsa sauti ba zai daidaita ba. Don haka ɗaya bayan ɗaya ake canza su. Na shida, kada ka biya ko dala sai an jona ta da amfili. Juya kowane maɓalli, girgiza waya a bakin shigarta. Gyaran wayoyin cikin jita mai kogo aiki ne mai wuya, domin ta ramin fuska ake zaro kome. Mikuro mai layi biyu, irin wanda Gibson suka fara sa wa jitocinsu a 1957, ya fi mai layi ɗaya kashe zuzar lantarki, abin da zai amfane ka ranar da aka tayar da janareta.

Bugu da ƙari, kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan jita. Ware na amfili, da waya, da jaka mai kauri, da tsirkiyoyi na ajiya ko da ɗauri biyu, tun da gumi da laima na saurin sa musu tsatsa. Duba bayan amfilin: wutarmu bolt 220 ce, wanda aka yi don Amurka kuwa 120 ne, ka jona shi kai tsaye ya ƙone nan take. Kada a bar jita a rana ko cikin mota a rufe, zafi na narkar da gam.

Shi ɗalibin nawa, washegari muka je tare da wani dattijon makaɗi da ya san aikin. Ko amfili ba a kai ga jonawa ba, dattijon ya hango wuyan ya girgiza kai, ya ce, "Yaro, wannan ta ratayewa a bango ce." Bayan wata biyu ya sami wata baƙa ta gwanjo, fentinta ya koɗe, sunanta ma ba sananne ba ne, amma wuyanta miƙe kamar kibiya. Canjin da ya rage ya sayi ƙaramin amfili.

Ga iyaye kuma, na san da yawa daga cikinmu ba sa son ganin jita a gida, kuma wannan magana ce ta uba da ɗansa. Amma in har an yarje wa yaro, to a raka shi wurin ciniki kamar yadda za a raka shi sayen keken ɗinki. Allah ya sa wa nemanmu albarka, ya kuma zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya.