Ciniki da rana, nama da kiɗa da dare: yadda hirar ƴan kasuwar iyaka ta sauya

In kasuwa ta watse a Maraɗi ran Litinin ko Juma'a, ko a Birnin Ƙonni ran Laraba, ko a Maigatari ran Alhamis, ba kowa ke ɗaure kaya ya kama hanya ba. Da yawa daga cikin baƙin da suka ƙetaro iyaka sukan kwana. Bayan sallar isha sai ka ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai masauki, an aiki yaro wurin mai balangu, an ɗora butar shayi a kan garwashi. In ana biki a unguwa, ko wani mawaƙi ya sauka a gari, sai a ɗunguma a tafi kallo. Mai wucewa zai ce hutu ake yi. Ɗan kasuwa kuwa ya san rabin cinikin gobe a nan ake ƙulla shi.

Lokutan bukukuwa sanannu ne: bayan kaka in amfanin gona ya shigo, da watan Sha'aban in ana gaggawar ɗaura aure kafin azumi, da kuma bayan sallah ƙarama da babba. A waɗannan lokuta katin gayyata kan yi wa ɗan kasuwa yawa, daga wannan gefen iyaka da wancan. Sai dai duk wanda ya halarci bukukuwan ƴan shekarun nan ya ga cewa abin ba kamar da yake ba. Kiɗan ya sauya, mai biyan kuɗin nama ya sauya, har lokacin tashi daga hira ma ya sauya.

Akushi ɗaya, amana ɗaya

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma mafi yawan hada-hadar da ake yi a kanta ba da takarda ake yi ba. Mutum kan ba abokin harkarsa buhunan wake ko albasar Galmi ko garken raguna, a kan sai kasuwa mai zuwa a kawo kuɗi. Babu lauya, babu sa hannu. Abin da ke riƙe da wannan harka amana ce, ita kuwa amana ba a rumfar kasuwa take tsira ba, inda kowa ke jan nasa. A bakin akushi take tsira.

Tun zamanin fatake al'adar ke nan. Baƙo ya sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa mai saye, a tsaya masa in an ci shi bashi. A wurin cin abincin dare ne mai gida ke auna baƙonsa, baƙo kuma ya ji labarin gari: wane ya biya bashinsa, wane jarinsa ya karye, nawa aka canza sefa yau, wace hanya ce jami'an duwan suka tsananta. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda ya taso daga Katsina ya halarci sunan ɗan abokin harkarsa a Maraɗi, ya ci, ya sha, ya yi wa makaɗa kyauta a gaban jama'a, ya nuna wa kowa cewa shi ba mai gudu da kuɗin mutane ba ne.

Abincin ma bai san iyaka ba. Tsire da balangu da kilishi, da gasassun zabbi, da masa da miyar taushe, da fura da nono, iri ɗaya ne a Illela da Ƙonni. Abin da baƙo daga Najeriya kan yi marmari in ya shigo Nijar shi ne dogon burodin nan da shayi mai zagaye uku, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Shi wannan shayi shi ne ginshiƙin fada, wato majalisar samari da ta bazu a Damagaram da Maraɗi da Yamai tun shekarun 1990. Yaran kanti da direbobi da ƴan kabu-kabu da yawa a fada suke yin tasu hirar, kamar yadda iyayen gidansu ke yi a zaure.

Zamanin kalangu

Dattawan kasuwa ba su manta da lokacin da biki ba ya cika sai makaɗi ya zo da jama'arsa ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi shekaru yana yawo da ƴan kalangunsa da ƴan amshi, kuma attajirai da direbobi na cikin waɗanda ya fi yi wa waƙa. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, shi kaɗai da kuntiginsa yake tsayawa, ya yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa. Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da gurmi a wajen ƴan tasha. A cikin gida kuwa mata na da nasu, kiɗan ƙwarya na amada, wanda Barmani Coge ta Funtuwa ta riƙe har rasuwarta a 2013.

A gefen Nijar ma an yi gwanaye. Sunan Ɗan Gurmu na ƙasar Tawa shi aka sa wa gasar kiɗan zamani ta ƙasa da aka ƙirƙiro a 1987. Sa'adu Bori, ɗan Maraɗi, ya haɗa amon kiɗan bori da jita da gangunan zamani, kasetinsa suka cika tashoshin Kano da Sakkwato a shekarun 1990, kafin ya rasu a hatsarin mota a 2008. Fati Nijar ita ma a Maraɗi aka haife ta, a Kano ta yi suna.

Abin da ya bambanta wancan kiɗa da na yanzu shi ne makaɗin yana kallon ka. Sanƙira ya riga ya binciko sunanka da na ubanka da garinku da sana'arka. Kana shigowa fili sai ka ji an ambace ka, kalangu ya amsa. Ga ɗan kasuwa wannan talla ce wadda rediyo ba ya iya yi: ɗaruruwan mutane daga ƙasashe biyu sun ji cewa wane mai goro ne, ko mai shanu, kuma hannunsa a sake yake. Wanda aka sani da cin amana kuwa yakan ji tsoron zambo fiye da sammacin alƙali.

Abin da ya sauya kiɗan

Sauyi na farko ya zo ne da shekarar 2000. Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairu, Kano da Katsina da Sakkwato da wasu suka bi. Aka rufe mashaya da gidajen caca, aka taƙaita wasannin da ke cakuɗa maza da mata. Wasu masu waɗannan sana'o'i suka ƙetaro ƙauyukan da ke bakin iyaka ta gefen Nijar, abin da bai yi wa mutanen wurin da yawa daɗi ba. A watan Nuwamba na wannan shekara, lokacin da aka yi bikin nunin tufafi na FIMA a kusa da Yamai, zanga-zanga ta ɓarke a Yamai da Maraɗi, aka ƙona mashaya a Maraɗi. Tun daga nan iyalai da yawa suka raba bikinsu: walima da wa'azi ga maza, kiɗa a cikin gida ga mata.

Sauyi na biyu na'ura ce ta kawo shi. Waƙoƙin fiyano na finafinan Kano suka mamaye kaset, daga nan faifan CD, daga nan katin waya. Yau saurayi ɗaya da kwamfuta da manyan lasifikoki biyu, wanda ake kira DJ, ya isa ya raya biki tun la'asar har dare, ya sa Ado Gwanja, ya sa Hamisu Breaker, ya sa Nura M. Inuwa, ya haɗa da kiɗan Legas da na Abijan. Mai biki ya duba ya ga makaɗa goma na bukatar mota da masauki da abinci, shi kuwa DJ janareta kawai yake nema. Ba a rasa masu kiɗa da hannu ba. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda faifanta Kaani ya fita duniya a 2013, ta yi suna da kwashe sa'o'i biyar tana kiɗa a dare ɗaya, cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Har yanzu kuma ana jin algaita da kakaki a fadar Sarkin Damagaram da ta Katsinar Maraɗi. Amma a bikin talaka, ɗan kalangu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya jira DJ ya huta.

Wa ke biyan kuɗin naman?

A tsakiyar shekarun 2000, jika ɗaya ta sefa, wato dala ɗari biyu, ba ta wuce wajen naira 250 ba. Bayan da gwamnatin Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, sai da jika ɗaya ta haura naira 2,000 a 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Wannan lissafi ya shiga har cikin faranti. Da can alhajin Kano ko Katsina ne ke shigowa Maraɗi ya ce a gasa rago, kowa ya ci. Yanzu sau da yawa mutumin Nijar ne in ya shiga Illela ko Daura yake ganin abinci da masauki sun yi masa araha, shi kuwa abokinsa in ya ƙetaro sai ya ƙirga tsinken tsire kafin ya ce a ƙara. Abokan kirki sun gane haka ba tare da an faɗa ba: wanda kuɗinsa ke da nauyi a yau shi ke miƙa hannu aljihu, don gobe ta Allah ce.

Rufe iyaka ma ya taɓa kiɗa kafin ya taɓa komai. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, aka sake rufe hanya har watan Maris na 2024. A waɗannan watanni mai balangu ya rage yanka, mai sanyi ya rasa ƙanƙara, an ɗaura aure da yawa ba tare da dangin da ke ƙetare ba. Ga kuma matsalar ƴan bindiga da masu satar mutane a dazuzzukan Jibiya da Madarumfa da Gidan Rumji da gabashin Sakkwato. Hirar da a da ake kaiwa tsakar dare yanzu a wurare da yawa ana tashi da wuri, kuma mai hankali ba ya kama hanyar dare don ya je kallon wasa.

Liƙi: a yi hattara

Akwai abin da ya kamata duk mai ƙetarawa biki Najeriya ya sani. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta liƙa naira a wurin biki, da watsa ta, da taka ta. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko a haɗa duka. An daɗe ba a kula da dokar, amma a 2024 hukumar EFCC ta tashi tsaye, har wata kotu a Legas ta ɗaure wani sananne a kafofin sada zumunta wata shida. Shaidar da ake kafawa da ita kuwa ba wata ba ce illa hoton bidiyon da abokai ke ɗauka da waya su watsa a Facebook da TikTok. Baƙunta ba ta kare kowa daga wannan doka.

Ko babu doka ma, bidiyon liƙi na da wasu masu kallo. Wanda kake riƙe da kuɗin wakensa tun kasuwa uku da suka wuce zai gani. Masu leƙen asirin ƴan fashin daji ma za su gani. Samari da yawa da iyayen gidansu suka ba jari sun karye ne a filin rawa, don a ambaci sunansu sau biyu a lasifika. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai son yi wa mawaƙi alheri ya sa a ambulan ya miƙa masa hannu da hannu, ko ya tura masa ta waya. Kyautar ta isa inda aka nufa, mutunci kuma bai zube a ƙasa ba.

Abin da bai kamata a bari ya mutu ba

Ba wanda zai mayar da zamanin Shata, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Amma akwai abu biyu da ke hannun ƴan kasuwa. Na farko, zaman cin abinci tare. Waya ta sauƙaƙa tambayar farashi da aika kuɗi, sai dai ba ta nuna maka fuskar mutum lokacin da ake maganar bashi. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, gwamnatoci na ɓatawa suna shiryawa, amma ɗan Magarya da ɗan Ɓaɓura da suka saba cin tuwo a akushi ɗaya ba sa jiran sanarwar minista kafin su amince wa juna.

Na biyu, makaɗan gida. Tun asali sarakuna da attajirai ne ke riƙe da su. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa, na masu hatsi da na masu dabbobi da na direbobi, kan yi walima in an naɗa shugaba ko an dawo daga aikin hajji. Ba zai gagare su ba su ware wani abu su gayyato mai gurmi ko mai goge ko ƴan kalangun garinsu, ko da na sa'a ɗaya ne kafin DJ ya kunna na'urarsa, a yi da rana, cikin mutunci, kowa ya koma gida da wuri. In ba a kira su ba, ƴaƴansu ba za su koyi sana'ar ba, za su kama kabu-kabu. Ranar da ɗan kasuwa zai aurar da ƴarsa ya so a ambaci sunan kakansa da garin da ya fito, zai tarar na'ura ba ta san shi ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a kan iyakokinmu, ya sa albarka a kasuwa.