Bahasi a Kan Shinkafar Roba

Ga alama maganar shinkafar roba ba ta da niyyar mutuwa a Zangon Kumasi, domin duk sa'ad da aka ɗan sarara har mutum ya yi tsammanin an binne ta, sai wani ya tono tsohon bidiyon nan na wanda ya dunƙula dafaffiyar shinkafa ya buga da ƙasa ta yi tsalle, ya aika wa 'yan'uwa ta WhatsApp tare da roƙon a yaɗa saboda Allah, kafin la'asar kuwa labari ya game Aboabo da Asawase da Sabon Zango, masu sayar da wake da shinkafa suna ta rantse-rantse, masu saye suna jujjuya loma a baki.

Asalin jita-jitar daga ƙasar Sin ne, wajen shekarar 2010, amma ba ta yi ƙarfi a Afirka ta Yamma ba sai a watan Disamba na 2016, lokacin da ma'aikatan kwastan na Nijeriya suka kama buhu 102 na wata shinkafa a Ikko, kowane buhu kilo 25, suka kuma shaida wa 'yan jarida cewa ta roba ce tun ba a kai ta ɗakin gwaji ba. Da hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Nijeriya ta auna, sai ta tarar babu roba a cikinta, illa dai ta gurɓata da ƙwayoyin cuta har ba ta cancanci a ci ba. A nan Gana kuma, a 2017, Hukumar Abinci da Magunguna ta nemi 'yan kasuwa da masu saye su kawo mata duk shinkafar da suke tuhuma, ta gwada abin da aka kawo, ta ce ba ta sami ta roba ba. Labarin kamun ya zaga duniya, labarin sakamakon gwajin kuwa da ƙyar ya fita daga ofis.

Ba tsoron mutane ne ke ba ni takaici ba, don uwar da ke fargabar abin da za ta zuba wa 'ya'yanta a kwano ba ta yi laifi ba. Abin takaicin shi ne hujjar da aka kafa hukunci a kanta, watau tsallen dunƙulen nan, alhali kuwa in da an san haƙiƙanin abin da ke cikin ƙwayar shinkafa, da an gane cewa shaidar da aka gabatar don a kama ta, ita ce ke wanke ta.

Masana kimiyyar haɗe-haɗe suna da wani jinsi na abubuwa da suke kira folima, kuma mafi kusan misalinsa shi ne carbi: ƙwaya iri ɗaya, ƙanƙanuwa, ana ta jera ta a zare, sai dai shi wannan carbin ba ya tsayawa a casa'in da tara, yakan kai dubbai, wani lokaci dubun dubata, kuma duk tsawonsa ido ba ya ganinsa. In ƙwayar da aka jera etilin ce, wadda ake samu daga man fetur da iskar gas, carbin ya zama foli'etilin, shi ne ledar kasuwa da ledar fiya wata. In kuwa ƙwayar gulukos ce, watau wani nau'i na sukari, carbin ya zama sitaci, shi ne mafi yawan abin da ke cikin shinkafa da masara da rogo da doya. Wannan gulukos ɗin dai, in aka sauya yadda ake ƙulla ƙwaya da ƙwaya, sai a sami selulos, wanda shi ne auduga da takarda da jikin itace. Cikin ɗan Adam yana da abin da ke kwance ƙullin farko amma ba shi da mai kwance na biyu, shi ya sa muke cin tuwo ba ma cin rawani. Ƙaron da almajirai ke sa wa tawada, da gashin kai, da ƙahon ragon layya, da danƙon da ake tatsa daga itatuwan roba a yammacin ƙasar nan wajen Takoradi, duka folima ne, Ubangiji Ya halicce su tun kafin wani Bature ya gina masana'anta.

To, sitacin shinkafa carbi iri biyu ne a haɗe. Akwai amilos, miƙaƙƙe marar reshe, akwai kuma amilofektin mai rassa barkatai, wanda shi ne ya fi yawa. Muddin shinkafa tana ɗanya, waɗannan suna naɗe ne cikin ƙananan ƙulle-ƙulle masu tauri. Amma da zarar zafin ruwa ya kai tsakanin digiri 60 da 80 a ma'aunin Salsiyos, sai ƙulle-ƙullen su sha ruwa su kumbura, zaruruwan su warware su fito, su sarƙe da juna. Duk wanda ya taɓa zuba carbi ashirin a jaka guda, sa'an nan ya nemi zaro ɗaya, ya san yadda sauran ke biyo shi. Wannan sarƙewar ita ce danƙon da ke cikin tuwon shinkafa, ita ce kuma ke sa sakwarar maƙwabtanmu Asante ta yi ja in an kirɓa ta. Mutum ya matse irin wannan a tafin hannu har iska ta fita, ya bar shi ya huce ya ƙara tauri, ya buga da daɓe, me zai hana shi tsalle? Iyayenmu mata sun yi shekara da shekaru suna mulmula tuwon shinkafa ba wanda ya tuhume su da dafa roba.

Ita kuwa robar gaske, in an sa ta a tukunya, halinta daban ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, foli'etilin kuwa ba ya narkewa sai an wuce nan, tsakanin 105 da 135 gwargwadon nau'insa, ba ya shan ruwa, kuma ya fi ruwa sauƙi, saboda haka sai ya taso sama yana yawo. Akwai robobin da ke nutsewa, amma su ma ba sa kumbura, ba sa nuna, ko da an kwana ana iza musu wuta. Masu gwadawa da ashana su ce ai ta kama wuta, su ma sun manta cewa ƙanzo ba baƙon abu ba ne a gindin tukunya. Sa'an nan ga hisabin kasuwa, wanda ɗan Zango bai kamata ya buƙaci a koya masa ba: tan guda na ƙwayoyin roba da masana'antu ke saye galibi ya fi tan guda na shinkafa tsada nesa ba kusa ba, ba a kuwa taɓa jin maha'incin da ya cuɗa abu mai tsada cikin mai araha ya sayar a kuɗin mai arahar ba.

Mai karatu yana da hakkin ya tambaya, wannan bayani daga ina, kuma me ya fifita shi a kan muryar da aka aiko masa ta waya? Amsar tana cikin tarihin ilmin kansa. A 1920 wani malamin kimiyya Bajamushe, Hermann Staudinger, wanda a lokacin yake koyarwa a Zurik, ya buga maƙala a mujallar ƙungiyar masana haɗe-haɗe ta Jamus, inda ya yi da'awar cewa danƙo da ire-irensa dogayen zaruruwa ne na ƙwayoyi masu ƙulle da juna. Manyan malaman zamaninsa suka yi masa ca, suka ce tarin ƙananan abubuwa ne kawai da suka manne, aka yi shekaru ana muƙabala a rubuce, kowa yana kawo awonsa, har gwaje-gwajen wasu, musamman na Wallace Carothers wanda ya ƙago nailan a kamfanin DuPont a 1935, suka rinjayar da maganarsa, aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Da fannin ya bunƙasa sai ya sami mujallu nasa na kansa: Herman Mark, wanda ya yi hijira daga Ostiriya zuwa Amurka, ya kafa Journal of Polymer Science a 1946, mujallar Polymer ta fito a Ingila a 1960, Macromolecules kuma a 1968.

Ƙa'idar waɗannan mujallu ita ce, ba a buga maganar mutum don girman rawaninsa. Tilas ya faɗi abin da ya auna, da na'urar da ya auna da ita, da zafin da ya sa, da adadin da ya samu, dalla-dalla yadda wani a wata ƙasa zai iya maimaitawa ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Kafin a buga kuma sai an aika wa masana biyu ko uku, waɗanda galibi marubucin bai san ko su wane ne ba, su bi ta da idon neman aibi. Mu da muka tashi a gaban malaman da ba sa karɓar hadisi sai sun bincika isnadinsa, suka san wane ne ya ji daga wane, da adalcin mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, bai kamata wannan tsari ya zame mana baƙo ba. Abin mamaki ne a ce mutumin da ba zai yarda da ruwayar majahuli a mas'alar alwala ba, shi ne zai karɓi muryar da ba a san mai ita ba a mas'alar abincin iyalinsa, har ya karya wa wata baiwar Allah jari. Ban ce mujallun nan ma'asumai ba ne. Sukan yi kuskure, sukan janye abin da suka buga, akwai ma na bogi da ke buga kome in an biya su. Amma kuskurensu yana da suna da kwanan wata, ana iya bin sawunsa a gyara.

Wani abin lura kuma, masu bincike irin waɗanda suka kore shinkafar roba, su ne suka tabbatar da wani abu da ya fi ta cancantar a damu da shi. A 2021 masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya suka buga a Journal of Hazardous Materials cewa sun sami ɓurɓushin roba, miligiram 3 zuwa 4 a kowane giram 100 na ɗanyar shinkafar da suka saya a kantunan ƙasarsu, wajen miligiram 13 kuma a wadda aka riga aka dafa aka rufe a leda, suka ƙara da cewa wanke shinkafa kafin dafawa yana rage shi da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari. A 2022 wasu a Amsterdam suka sami irin wannan ɓurɓushi a jinin mutum 17 daga cikin 22 da suka gwada. Ba wanda ya ƙera shi da siffar shinkafa don ya cuci kowa. Gutsattsarin robar da duniya ke amfani da ita ne ke komowa ta ƙura da ruwa da mazubi. Iyakar illarsa ga jiki har yanzu malamai suna bahasi a kai, ba su yi ijma'i ba.

Mu dubi safiyarmu. Kokon da ya sa aka san Hausawa daga Kumasi har Ankara, daga tukunya ake kwararo shi yana tururi cikin farar leda marar kauri, a ƙulle, a ba yaro ya huda da haƙori ya tsotsa. An tabbatar cewa zafi da maiƙo suna gaggauta fitar abubuwan da ake gauraya wa roba lokacin ƙera ta zuwa cikin abinci, haka kuma farin mazubin nan mai kumfa na folistirin da ake zuba soyayyen abinci a ciki yana sakin sitirin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Abin da ke fita a ci ɗaya kaɗan ne, ba na kuma son in kashe jita-jita ɗaya in haifi wata. Amma wanda ke sha kullum tun yana makarantar allo, lissafinsa ba na ci ɗaya ba ne. Mafi muni shi ne hura gawayi da leda, ko ƙona shara a tsakar gida, domin hayaƙin yana shiga huhun mai girki kai tsaye, in kuwa akwai robar PVC a ciki, irin ta bututu da bawon wayar lantarki, tana fitar da iska mai cin maƙogwaro da guba mai suna dayoksin. Wadda ba a ƙona ba kuma ta tafi rafin Aboabo da na Subin ta toshe, damina ta zo ruwa ya shigo ɗaki.

Hukuma fa? Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda aka buɗe a matsayin kwaleji a 1952 ta zama jami'a a 1961, tana nan cikin garinmu, tafiyar mota ɗaya daga Zango, da malaman da suka san wannan fanni ciki da bai. Sai dai abin da suka sani yana kwance cikin Turanci, a mujallun da sau da yawa sai an biya daloli kafin a karanta maƙala guda, ita kuwa jita-jita da Hausa da Tuwi take yawo, kyauta. Jami'an da ke fitar da sanarwa shafi ɗaya daga Ankara su koma su zauna, da sun ɗauki tukunya da mudun shinkafa da 'yan ƙwayoyin roba sun je gidan rediyon da ke shiri da Hausa, ko harabar masallaci bayan Juma'a, sun dafa a gaban jama'a, da an daɗe da hutawa.

A 2015 gwamnatin Gana ta ba da sanarwar hana leda marar kauri, sa'an nan magana ta koma ga a riƙa sa mata wani sinadari mai sa ta ruɓe da wuri. Amma tsinka zaren carbi gunduwa-gunduwa ba ya ɓatar da ƙwayoyinsa, ledar tana dagargajewa ne ta zama ɓurɓushin da muka ambata, shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta irinta tun daga 2021. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. A watan Yuni na 2025 Shugaba John Mahama ya ce za a hana shigo da mazubin kumfa da ƙera shi a ƙasar nan, mutane kuma suka fara yabon ganyen da ake naɗe wake da shinkafa a ciki tun zamanin kakanni, wanda shi ma folima ne, selulos, irin wanda ƙasa ke iya cinyewa. Saura mu ji daga hukuma wa zai noma ganyen da zai ishi kasuwar Kejetia da Zango baki ɗaya, da kuma abin da za a ba mai koko a madadin leda da nawa za ta saye shi, tun da koko ba ya naɗuwa a ganye.