Kwaɗon zamani ya bar mu a waje: Me ke cinye batirinsa?

Sha ɗaya na dare ta gota muka dawo daga walimar biki. Na ɗora babban yatsana a kan kwaɗon ƙofar falo kamar kullum. Shiru. Na goge yatsan a jikin riga, na sake ɗorawa. Wata 'yar jar fitila ta yi ƙyaf sau ɗaya ta mutu. Maganin hawan jinin da Hajiya ke sha da dare yana ciki, a kan durowa. Makullin ƙarfen da aka haɗo da kwaɗon saboda irin wannan rana kuwa yana cikin wannan durowar.

"Auta, wannan ne abin da kuka ce ya fi kwaɗona?" Hajiya ta tambaya, ta samu gefen baranda ta zauna.

Sai da muka kwashe kusan minti arba'in. Na kira Yaya, shi kuma ya tashi wanda ya ɗaura mana kwaɗon daga barci, mutumin ya ce in shafa ƙasan hannun ƙofar, akwai wata 'yar kafar caji a ɓoye. Fawa bank ina da shi, amma kafar irin ta tsofaffin wayoyi ce, sai da na buga wa maƙwabci ƙofa ya ara mini igiya. Ina jonawa kwaɗon ya farka, ya karɓi yatsana, sakata ta ja baya. Batirin da ya mutu a daren nan ko sati biyar bai yi ba. Mai shago cewa ya yi sai ya kusa shekara.

Duk mai hawa TikTok ko Instagram ya san irin waɗannan kwaɗuna. A taɓa da yatsa ƙofa ta buɗe, ko a aika wa baƙo lambar sirri ta waya. Sun cika gidajen haya na 'yan kwanaki a Abuja, sun shiga shaguna da ofisoshi, yanzu har ɗakunan amare. Abin da ba a nunawa a bidiyon shi ne ranar da batir zai ƙare. Bayan abin da ya same mu na zauna na bi diddigin namu, na gano rabin laifin nawa ne.

Ni ne na sayo batirin. Lokacin da na farko ya yi sanyi, na leƙa shagon unguwa na karɓo guda huɗu irin na tocila da rediyo, masu araha. Girmansu ɗaya, duka AA ne, duka an rubuta volt 1.5, to mene ne bambancin? Ashe bambancin yana ciki. Batirin tocila da sinadarin zinc da kabon ake yinsa, an yi shi ne don abin da ke shan wuta kaɗan-kaɗan, kamar agogon bango ko rimot. Kwaɗo ba haka yake sha ba. Yawancin lokaci barci yake, amma da an taɓa shi sai ɗan injin da ke ciki ya zuƙi wuta mai yawa a lokaci guda don ya ja ƙarfe. Irin wannan zuƙa batirin alkalin ne ke jure mata. Na tocila ƙarfinsa faɗuwa yake nan take, kwaɗon ya ɗauka ya ƙare alhali bai daɗe da shiga ba. Kar ka ruɗu da manyan rubutun da ke jikin kwali. Ka duba ƙananan haruffa: in ka ga LR6, alkalin ne. In ka ga R6 ko R6P, na tocila ne, ka bar wa rediyon Baba.

Na san wani zai ce a sa mai caji mana, a huta. Ni ma na yi wannan tunani. Matsalar ita ce batirin AA mai caji volt 1.2 yake bayarwa. Huɗu sun zama 4.8 ke nan a wurin da ake jiran 6, don haka kwaɗuna da yawa tun ranar farko suke kukan batir ya yi ƙasa. Na lithiyum kuma yana daɗewa sosai, sai dai yana riƙe ƙarfinsa har zuwa gab da mutuwa, sannan ya faɗi lokaci ɗaya. Ma'ana gargaɗin da kwaɗon ya kamata ya yi maka kwanaki kafin ranar, ba lallai ka same shi ba. Shi ya sa wasu kamfanonin ke hana amfani da shi. Ka karanta takardar da ta zo da naka, in ba ka jefar da ita tare da kwali ba. Kuma in za a canza a canza duka tare. Haɗa tsoho da sabo na sa raunannen ya fara zubar da wannan farin garin da ke cinye sifirin.

Amma babban ɓarawon shi ne Wi-Fi, kuma nan ne zamanmu a Najeriya ya shigo. Kwaɗon da ke magana da waya ta Bluetooth ko da wata na'ura ta Zigbee wuta ƙalilan yake ci, don an ƙera waɗannan hanyoyi ne musamman saboda ƙananan kaya masu batir. Wi-Fi ba don haka aka yi shi ba. Kwaɗon da ke jone kai tsaye da rauta ko a ƙasar da ba a ɗauke wuta ya fi saurin shanye batir. To ka kawo shi gidan da NEPA ke kawowa ta ɗauke sau da yawa a yini. Duk sanda rauta ta mutu, kwaɗon yana nan yana laluben ta, ya nema ya rasa, ya huta ya sake nema. Ka tuna yadda cajin wayarka ke zubewa a hanyar ƙauye inda babu sabis? Haka nan ne. In rautar ma tana can ƙuryar ɗaki, bango uku tsakaninta da ƙofa, ko da wuta wahalar na nan.

Mu dai kashe Wi-Fi ɗin muka yi daga cikin manhajar. Gaskiya ba wanda ya taɓa buƙatar buɗe wa wani ƙofa daga nesa a gidanmu, burgewa ce kawai ta sa aka kunna. Wanda sana'arsa ke buƙata, kamar mai gidan haya da ke tura wa baƙi lamba, akwai wata 'yar na'ura da ake kira getwe. Ita ake jona wa soket, ta ɗauki nauyin magana da intanet, kwaɗon kuma ya riƙa yi mata raɗa ta Bluetooth. Manhajoji irin su TTLock da Tuya, waɗanda kwaɗuna da yawa na kasuwarmu ke aiki da su, suna karɓar wannan tsari. In akwai sola ko inbata a gidan, a ɗora rauta da getwe a kai.

Sai ƙofar kanta, wadda ba wanda ke zargi. Ga gwajin da mai ɗaurawar ya koya mini: buɗe ƙofa, ka sa kwaɗon ya kulle a iska, ka saurari ƙarar injin. Sannan ka rufe ƙofar ka sake. In ƙarar ta canza, ta zama kamar nishi, ko kuma sai ka tura ƙofa da kafaɗa kafin sakata ta shiga, to injin yana kokawa da firam, kuma batir ne ke biyan kuɗin kokawar. Ƙofar katako kumbura take da damina ta motse da hunturu. Ta ƙarfe kuma tana sauka da nauyinta, rana ma na buɗa ta. Tamu ta ɗan sauka ne, mai walda ya zo ya faɗaɗa ramin da sakata ke shiga, aikin minti goma. Wannan ya fi shafar kwaɗon da inji ke tura sakatarsa da kansa. Wanda kai ne ke murɗa hannu bayan ya gane yatsanka bai cika damuwa da hakan ba, shi ya sa ma batirinsa ya fi kai wa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna taruwa. Muryar matar nan mai sanar da an buɗe ƙofa da Turanci, a rage ta ko a kashe. Da hunturu yatsu na bushewa, ƙura na rufe gilashin, sai mutum ya gwada sau biyar kafin ya shiga, don haka a riƙa goge wurin, a kuma yi wa yatsa fiye da ɗaya rajista. Masu kyamara da ke gane fuska, in ƙofar na kallon hanya, duk wanda ya gifta sai sun farka sun leƙa shi. Zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, da ke haura digiri 40, shi ma yana tsufar da batir, musamman a ƙofar da rana ke duka kai tsaye.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kwaɗon ya yi gargaɗi. Kwana da kwanaki yana wani ƙara daban in an buɗe, na ɗauka salon sa ne. Yanzu na sa tunatarwa a waya, duk farkon wata ina duba ma'aunin batir a manhaja. Na kuma san inda kafar gaggawa take da irin igiyar da take karɓa. Wasu kwaɗunan ba kafar USB gare su ba, wasu ƙarafa biyu ne a waje da ake manna wa batirin nan mai kusurwa huɗu na volt 9. Ka duba naka yau da rana, kar ka bari sai cikin duhu.

Alkalin ɗin da na sa bayan wannan dare yana wata na huɗu, manhaja na nuna ya fi rabi. Makullan ƙarfen guda biyu kuwa sun bar durowa: ɗaya yana wurin Yaya, ɗaya Hajiya ta ɗaure shi a bakin zaninta, ta ce ba wanda zai karɓa.