Wane doki ya dace da hawan salla?

Dokin sukuwa dabam, dokin hawan salla dabam. Na sukuwa, gudu ake nema gare shi. Na hawa kuwa, a Damagaram ko Maraɗi, haƙuri ake nema: kada ya firgita da algaita, ƙarar bindiga ko cinkoson jama'a. Doki mai tsoro yana iya kada mahayi, ko ya tattake yaro.

Mu duba haƙora. Doki yana gama famfara wajen shekara 5, a lokacin ya ƙosa ɗaukar sirdi da kayan ado masu nauyi. Mu ɗaga kofatansa, mu shafa gadon bayansa saboda miki, mu ja shi mu ga ko yana ɗingishi. Launi, kili ko akawal, sha'awar mai shi ce. Kafin a biya kuɗi, likitan dabbobi ya gan shi.