Dalilin da Ya Sa Ƙananan Hukumomin Ingila Ke Zuba Kuɗi a Tsofaffin Wuraren Ninkaya

A cikin watan Yuli na shekarar 2023, majalisar ƙaramar hukumar Gateshead da ke arewa maso gabashin Ingila ta rufe babbar cibiyar wasanni da shaƙatawa ta garin tare da wurin ninkaya na Birtley, bisa dalilin cewa ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyinsu ba. Wata 15 kafin nan kuwa, wato a Afrilun shekarar da ta gabace ta, 2022, majalisar birnin Exeter da ke kudu maso yammacin ƙasar ta buɗe sabuwar cibiya mai suna St Sidwell's Point, wadda ta ci kimanin fam miliyan 44. Ko da yake matakan biyu sun yi hannun riga, matsala ɗaya ce ta haife su, wato tsadar gudanar da tsohon gini.

Asalin Matsalar

Tun a shekarar 1846 majalisar dokokin Birtaniya ta ba hukumomin garuruwa ikon gina gidajen wanka da wanki domin talakawa, sa'an nan a 1878 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da wuraren ninkaya masu rufi. Amma akasarin waɗanda ake amfani da su a yau an gina su ne daga shekarun 1960 zuwa na 1980, lokacin da makamashi ke da araha, ba a kuma damu da yawan zafin da ke sulalewa ta rufi da tagogi ba.

Ƙungiyar Swim England, wadda ke kula da wasan ninkaya a ƙasar, ta ƙiyasta cewa wurin ninkaya kan yi kimanin shekara 38 kafin ya buƙaci babban gyara ko a sake shi. A wani rahoto da ta fitar a 2021, ta yi gargaɗin cewa ana iya rasa kusan wurare 2,000 kafin shekarar 2030 muddin ba a ɗauki mataki ba.

Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san cewa kuɗin sayensa sau ɗaya ake biya, amma harawa da dawa kullum ne. Haka lamarin yake a nan. A ƙasa mai sanyi irin Ingila, tilas ne a riƙa ɗumama ruwan zuwa kusan digiri 28 ko 30 dare da rana, a ɗumama iskar zauren, a tace ruwan, a kuma biya ma'aikatan ceto. Saboda haka lokacin da farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022, cibiyoyin da ba su gama farfaɗowa daga rufewar annobar korona ba suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Bugu da ƙari, doka ba ta wajabta wa ƙaramar hukuma a Ingila samar da wurin ninkaya ba, alhali ta wajabta mata kula da tsofaffi, da yara marasa galihu, da kwashe shara. Don haka duk lokacin da aljihu ya yi rauni, wuraren wasanni ne farkon waɗanda almakashi ke faɗawa a kansu. A ɗaya ɓangaren kuma, manhajar karatu ta ƙasa ta buƙaci kowane yaro ya iya ninkaya ta tsawon mita 25 kafin ya gama firamare, kuma makarantu da yawa ba su da inda za su kai ɗalibansu sai wurin ƙaramar hukuma.

Inda Kuɗin Ke Fitowa

Dabarar da majalisun suka runguma ita ce su kashe kuɗi masu kauri sau ɗaya daga kason manyan ayyuka, domin su rage abin da suke kashewa kowace shekara daga kason ayyukan yau da kullum. Dalili kuwa shi ne doka ta yarda su ci bashi domin gini, galibi daga asusun lamuni na Baitulmalin gwamnatin tsakiya, amma a ƙa'ida ba ta yarda su ci bashi domin biyan albashi ko kuɗin wuta ba. Ke nan idan rarar da aka samu a kuɗin gas, haɗe da ƙarin kuɗin shiga daga sababbin masu zuwa, ta kai abin da ake biyan bashin da shi, to aikin ya biya kansa.

Gwamnatin tsakiya ma ta sa hannu. A kasafin kuɗin watan Maris na 2023, Ministan Kuɗi na lokacin, Mista Jeremy Hunt, ya ba da sanarwar asusun fam miliyan 63 domin wuraren ninkaya, wanda hukumar Sport England ta raba. Daga ciki, fam miliyan 20 na rage raɗaɗin kuɗin gudanarwa ne, fam miliyan 40 kuma na sayen kayan da ke rage cin makamashi, kamar farantan hasken rana, da mayafin rufe ruwa da dare, da sababbin tukwanen ɗumama ruwa. Daga baya hukumar ta ƙara fam miliyan 20 daga kuɗin cacar ƙasa. Har ila yau a cikin watan, hukumar haraji ta amince cewa majalisar da ke gudanar da cibiyarta da kanta ba sai ta ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 20 cikin 100, a kan kuɗin shiga wuraren wasanni ba.

Hanyoyi Uku

Hanya ta farko ita ce a sake sabon gini. An gina cibiyar Exeter bisa ƙa'idar Passivhaus, wadda ta samo asali daga Jamus, inda ake toshe duk wata kafa da zafi zai fita, kuma an tsara ta domin ta rage cin makamashi da har kashi 70 cikin 100 idan aka kwatanta da irinta ta da. Ita ce ta farko irin wannan a Birtaniya.

Ta biyu ita ce a gyara tsohon. Gidan wanka na Moseley Road a Birmingham, wanda aka buɗe a 1907, ya sami fam miliyan 15.5 daga gwamnatin tsakiya a 2021. A garin Exmouth kuwa, a 2023 kamfanin Deep Green ya ajiye wasu kwamfutoci da aka tsoma cikin wani irin mai, a akwati mai girman injin wanki. Zafin da suke fitarwa shi ke ɗumama ruwan kyauta, kuma an ƙiyasta cibiyar za ta riƙa samun rarar kimanin fam 20,000 a shekara.

Ta uku ita ce a miƙa wa wasu. Majalisu da yawa sun riƙe mallakar ginin, suka ba da kwangilar gudanarwa ga kamfanoni kamar Everyone Active, ko ƙungiyoyin da ba na neman riba ba kamar GLL, wadda aka kafa a Greenwich a 1993. A Gateshead ma, ƙungiyoyin mazauna yankin ne suka karɓi wuraren biyu da aka rufe, suka sake buɗe su a 2024.

Haɗarin da Ke Ciki

Sai dai bashi hanji ne. Majalisar Woking, wadda ta ci bashi mai yawa domin gine-ginen kasuwanci, ta bayyana a watan Yuni na 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, kuma wurin ninkayarta na cikin abubuwan da aka fara maganar rufewa. Idan kuɗin ruwa ya hau, ko kuɗin gini ya zarce ƙiyasi, ko jama'a ba su zo kamar yadda aka zata ba, masu biyan harajin gida ne za su cike giɓin.

Abin lura ga 'yan kasuwa da 'yan kwangila shi ne, ma'aunin da majalisun ke auna tayi da shi ya fara sauyawa. Ba a tsayawa ga tambayar nawa ginin zai ci ranar buɗe shi, ana kuma tambayar nawa zai riƙa ci a kowace shekara har tsawon shekara 30 ko 40. Wanda ya zo da amsa mai gamsarwa ga tambaya ta biyu, shi ke da kyakkyawar damar samun aikin.