Numfashin Inji: Sauya Manifol a Motocin Amurka Masu Ƙwanji

(Ƙarar inji ta tashi, sannan ta lafa)

 Wannan gurnani da kuka ji, da siririn kukan da ke biye da shi kamar na shirwa, muryar Dodge Challenger Hellcat ce. Gurnanin daga salansa yake fitowa. Kukan kuwa na sufacaja ne, kuma a kansa shirinmu na musamman zai tsaya a yau, shi da bututun da ke raba wa inji iska, wanda kanikawa ke kira manifol.

Amurkawa suna da wani jinsin motoci da suke yi wa laƙabi da masu ƙwanji: ƙofa biyu, ƙaton inji mai silinda takwas, tayoyin baya ke tura mota. Galibi daga Pontiac GTO ta 1964 ake fara ƙirga su. Samfurin Hellcat na 2015 ya zo da inji mai lita 6.2 da ƙarfin doki 707. Camaro ZL1 ta Chevrolet tana da 650, Mustang Shelby GT500 ta Ford ta 2020 kuma 760. Duk da wannan ƙarfi masu motocin ba sa ƙoshi, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suke fara sa wa sifana shi ne hanyar iska.

Ku tuna da maƙera. Komai yawan gawayin da maƙeri ya tara, ƙarfe ba zai yi ja ba sai an zuga wutar. Haka inji yake. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone tas. Zuba fetur ba wuya, cusa iskar ce aiki. Sufacaja shi ne zugazugin. Bel daga jikin inji ke juya shi, shi kuma ya danna iska cikin silinda fiye da abin da fistin zai iya zuƙa da kansa. Na Hellcat kamfanin IHI na Japan ne ya ƙera shi, yana kwasar iska kimanin lita 2.4 a kowane juyi, kuma juya shi kaɗai yana cinye ƙarfin doki wajen 80. Don a ciyar da shi, har huda ɗaya daga cikin fitilun gaban motar aka yi, iska na shiga ta tsakiyarta.

To mene ne aikin manifol? Iska tana shigowa ta maƙogwaron totur, ta taru a wani ɗaki, daga nan ta rabu hanyoyi takwas, kowace silinda da tata. Tsawon waɗannan hanyoyi shi ke yanke halin mota. Doguwar hanya siririya tana ba inji ƙarfin tashi tun yana juyawa a hankali. Gajeriya mai faɗi sai inji ya hau sama sosai take nuna kanta. Shi ya sa masu Mustang mai lita 5.0 suka daɗe suna neman manifol ɗin Boss 302 na 2012, mai gajerun hanyoyi, wanda aka yi wa injin da ke kaiwa juyi 7,500 a minti. Wanda ya ɗaura shi yakan sami ƙarin ƙarfi a can sama, ya rasa wani abu a ƙasa, inda ake tuƙin yau da gobe.

A nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗi, don sufacaja iri biyu ne a wannan fage. Akwai mai kama da dodon koɗi, irin na ProCharger da Vortech, da ake ɗaurewa a gefen inji. Shi wannan yana hura iska ta bututu zuwa manifol, saboda haka ana iya kwance manifol ɗin roba a sa na alminiyam mai faɗin ciki, wanda ya fi jure matsi. Na biyu kuwa zaune yake daram a tsakiyar inji, a gurbin manifol ɗin kansa. Irinsa ne a Hellcat, da ZL1, da GT500. A waɗannan motoci babu wani manifol na daban da za ka cire ka musanya. Abin da ake yi shi ne a rarake wuyan sufacajan a goge shi sumul, a sauya maƙogwaron totur, wanda a Hellcat faɗinsa milimita 92 ne, da wanda ya fi shi, a gyara murfi da abin sanyaya iska da ke kwance a ciki.

Kanikawan da ke sauraronmu, daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, ga wurin da nake so ku kasa kunne da kyau. Agogon da ke auna matsin iska yakan ruɗi mutum. Hellcat tana nuna 11.6 a wannan ma'auni, kuma kowa so yake ya ga allura ta ƙara hawa. Amma matsi shaida ce ta cunkoso: iskar da ta taru a bakin ƙofa tana jiran shiga. Idan aka buɗe hanyoyin da ke tsakanin sufacaja da silinda, allurar tana iya sauka, ƙarfin mota kuma ya ƙaru. Mai mota da bai san haka ba sai ya zaci an cuce shi, ya garzaya ya sa ƙaramin fuli don sufacaja ya ƙara gudu.

Daga nan zafi ke shigowa. Duk wanda ya taɓa ba keke iska da famfo ya san yadda jikin famfon ke ɗumama. Iskar da aka matse zafi take yi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, sannan tana sa fetur ya fashe tun lokacinsa bai yi ba. Ƙwaƙwalwar mota, wadda a gareji ake ce wa birenbos, da ta ji wannan ƙwanƙwasa sai ta jinkirta wutar filogi don ta ceci fistin, ƙarfin da aka saya da tsada ya zube. Dodge da kansa ya san da wannan. A Challenger Demon ta 2018 ya ƙara girman sufacaja zuwa lita 2.7, matsi ya kai 14.5, amma sai da ya karkatar da sanyin na'urar sanyaya ɗakin mota zuwa ga ruwan da ke sanyaya iskar inji. Direba ya haƙura da gumi, inji ya sha sanyi, motar ta ba da ƙarfin doki 840 da man tsere. A ganina wannan dabara ta fi duk wani manifol mai ƙyalli daraja, musamman ga wanda ya shigo da irin wannan mota ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Bayan ɗaura ƙarfe, sauran aiki na kwamfuta ne. Iska ta ƙaru, dole fetur ya bi ta, wani lokaci sai an sauya nozul da famfon mai. Ana ɗora motar a kan na'urar gwaji mai ganguna, tayoyi na gudu mota na tsaye, gwani yana daidaita birenbos sannu a hankali. Tsallake wannan mataki shi ne gajeriyar hanyar buga inji. A Amurka ma akwai doka: jihar Kalifoniya ba ta yarda a hau titi da irin waɗannan kayayyaki ba sai suna ɗauke da lambar amincewar hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, kamfanin mota kuma yana iya ƙin biyan gyaran da sauyin ya jawo.

A Disamban 2023 aka ƙera Challenger ta ƙarshe a masana'antar Brampton da ke Kanada, saboda haka waɗanda ke hannun mutane su ne suka rage. Mai sauraro, in Allah ya kawo ɗaya garejinka, kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya, fara auna zafin iskar da ke shiga injin bayan motar ta yi gudu sau uku a jere.